Mai Wanki Cikin Rigar Likita

"Ni fa ban ce ka yi ƙarya ba," in ji Auta, tana goge hawaye da gefen mayafinta. "Shiru kawai na roƙe ka. Shirun ma ba za ka iya yi saboda ni ba?"

Sitati bai ɗago ba. Ya ci gaba da tura dutsen guga a kan zanen gado, tururi na dukan fuskarsa. Tun da ya bar makaranta yake aiki a ɗakin wankin nan na bayan asibiti. A nan ya samu laƙabin da ya danne sunansa na gaskiya, don duk rigar da ta bi ta hannunsa sai ta tsaya ƙyam kamar soja.

"Malama," ya ce. Haka yake kiranta, saboda koyarwa take yi a firamare. "Shirun nan da kike nema ya fi ƙaryar nauyi."

"To shi ke nan, ka bar wa Mai Tayal ni. Jiya ma ya zo, har ya yi wa Baba alkawarin zai shimfiɗa masa tayal daga falo zuwa banɗaki."

Dutsen guga ya tsaya cak.

Ba yau suka fara wannan wahalar ba. Ranar da Sitati ya je gaida mahaifinta, Baba ko leƙowa bai yi ba. Daga cikin ɗaki ya aiko cewa shi tsohon direba ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan titi saboda bai yi karatu ba, ya sha rana ya sha ruwa har 'yarsa ta zama malama, don haka ba zai ɗauke ta ya ba mai wanke zannuwan marasa lafiya ba. Bai ga fuskarsa ba, bai tambayi sunansa ba. Tun ranar kuma ya buɗe wa Mai Tayal ƙofa, wani ɗan abokinsa mai babban shago a bakin titi, wanda ba ya iya gaisuwa sai yana kaɗa makullin mota.

Abin da ya kawo maganar shiru kuwa, riga ce.

Babban likitan asibitin ba ya son ganin layin ninki a farar rigarsa. In ya ga layi ko ɗaya, sai ya mayar da ita. Sitati kuwa in zai shiga cikin asibiti hannuwansa a cike suke da ƙunshin zannuwa, saboda haka ya saba zura rigar a jikinsa, ya zama shi ne maratayinta har ofishin mai ita. Kowa a asibitin ya san da haka, ma'aikatan jinya har tsokanarsa suke yi. Ranar da abin zai faru, ya tsinci abin sauraron ƙirji a aljihun rigar, ya rataya a wuya don kada ya manta. Ya sauke zannuwa, ya fito baranda, sai ga Auta ta zo karɓar wa Baba maganin hawan jini. Suka tsaya suna hira suna dariya.

Daga can kan benci Gwaggo tana kallo. Ƙanwar Baba ce, ita ta reni Auta tun rasuwar mahaifiyarta, kuma labari bai taɓa kwana a bakinta ba. Suna isa gida, kafin Auta ta cire takalmi, Gwaggo ta gama shaida wa Baba cewa wani likita dogo mai fara'a yana neman 'yarsu, ta gan shi da idonta.

"Baba ya ce ka zo," in ji Auta. "Ka san tun yaushe nake jiran ya faɗi kalmar nan? Dariya ya yi, Sitati. Na manta rabon da in ga haƙoransa."

"Ba ni ya kira ba, Malama. Rigar ya kira."

"In ya zauna da kai, ya ga halinka, zai so ka. Daga baya ni da kaina zan durƙusa in gaya masa gaskiya. Wallahi zan gaya masa. Ɗan lokaci kawai nake nema."

"In ya tambaye ni aikina fa?"

"Ka ce a asibiti kake aiki. Ƙarya ce?"

Ya dube ta. Idanunta sun kaɗa sun yi ja, hancinta ma haka. Yana cikin kallon ne ya ji ƙauri. Ya ɗaga dutsen da sauri, ya tarar zanen ya ƙone, hoton dutsen ya fito sak.

"Kin gani ko," ya ce a hankali. "Tun ba a je ko'ina ba kin fara ja mini asara."

Ta yi dariya cikin kuka, don ta san ya yarda.

* * *

Da shuɗiyar rigarsa ta gida ya je. Bai ɗauki komai na asibiti ba, yana ganin hakan zai rage masa laifi.

Bai rage ba. Tun daga bakin layi mai shagon kusurwa ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da zuwa, likita." Gwaggo ta riga ta gama aikinta.

Baba ya tarbe shi a falo, ya nuna masa kujerar da babu mai zama a kai sai shi kansa. Dattijo ne mai faɗin ƙirji, muryarsa kamar injin babbar mota.

"A asibiti kake aiki, ɗana?"

"E, Baba."

"Wane ɓangare?"

Sitati ya gyara zama. "Duka nake zagayawa, Baba. Babu ɗakin da ba na shiga."

"Kun ji ko!" in ji Gwaggo daga ƙofar kicin. "Babba ne. Ƙananan ne ake ajiyewa wuri guda."

Abin da ya fi cin ran Sitati shi ne hirar ta yi daɗi. Baba ya ba shi labarin ranar da birki ya ƙwace masa a kan gangara yana ɗauke da siminti. Sitati ya ba shi labarin wani tsohon babur da ya taɓa saya, wanda ba ya tashi sai an roƙe shi. Baba ya yi dariya har da buga gwiwa. A bayan labule Auta tana tsaye da tire, ta manta ta shigo da shi.

Can sai Baba ya jawo wata leda daga ƙarƙashin kujera, ya zazzage magunguna a kan tebur.

"Duba mini wannan 'yar farar. Tun da suka canza mini ita, in na miƙe sai jiri ya kwashe ni. Ni ina ganin ta fi ciwon wahalar da ni. Me ka gani?"

Sitati ya juya ƙwayar a tafin hannunsa. Iyakar abin da ya sani game da magani shi ne irin tabon da yake bari a zanen gado. Ya ɗaga ido, ya ga labule ya motsa.

"To, Baba... a dai bi jiki a hankali. Ba a so a matsa masa. Amma ya kamata a koma asibiti a..."

"Asibitin me?" Baba ya katse shi da dariya. "Ga asibiti ya zo har falona. Na huta da bin layi."

Ya mayar da sauran magungunan cikin leda. 'Yar farar kuwa ya tura ta gefe.

A daidai lokacin aka ji ƙarar makulli. Mai Tayal ya shigo, ƙamshin turarensa ya riga shi. Ya gaida Baba, ya miƙa wa Sitati hannu, ya riƙe bai saki ba.

"Likita, hannunka kuwa da kaushi. Wannan tabon ƙunar a wuyan hannu fa? Ko da wuta kuke yin tiyata yanzu?"

"Kai dai kishi zai kashe ka," in ji Gwaggo. "Sakar masa hannu, da shi yake ceton rayuka."

Mai Tayal ya saki, yana murmushi. Murmushin bai kai idonsa ba.

* * *

Daga ranar unguwar ta zame wa Sitati wuta. In ya shigo layi, wannan ta nuna masa ƙurjin ɗanta, wancan ya ɗaga masa ƙafar da ta kumbura. Amsarsa ɗaya ce: "Ku je asibiti." Sai suka riƙa yabonsa, wai likita ne mai tsoron Allah, ba ya duba mutum a tsaye.

"Kin gaya masa?" Kullum ita ce gaisuwarsa da Auta.

"Na shiga da niyya, na tarar yana waya da ƙaninsa, yana cewa Allah ya share masa hawaye. Bakina ya ƙi buɗuwa. Gobe zan gaya masa."

Gobe ta yi ta zuwa tana wucewa.

Wata safiya yana ratsa baranda da ƙunshin zannuwa, farar rigar na jikinsa kamar kullum, sai ya ga 'yan sanda sun shigo da wani mutum da ankwa a hannu. A bayansu ana turo wata mata a keken marasa lafiya, ƙafarta ɗaya na reto kamar ba tata ba.

"Me ya yi?" Sitati ya tambayi wata ma'aikaciyar jinya.

"Sojan gona. Ya buɗe ɗaki a bayan kasuwa yana cewa shi likita ne. Ya yi wa baiwar Allah nan allura a inda ba a yi, ƙafar ta mutu. An kawo shi ne babban likita ya ba da shaida. Wannan sai dai 'ya'yansa su girma ba ya nan."

Mutumin ya ɗago ya dubi Sitati, ya ce, "Likita, ka taimake ni."

Sitati ya dire zannuwa a ƙasa. Ya cire rigar, ya ninke ta, ya kai ofis a hannu. Babban likita ya yi ta faɗa a kan layin ninki. Sitati bai ji ko kalma ɗaya ba.

Ya kira Auta a waya. "Ranar Asabar zan zo. Ni zan gaya masa da bakina."

"Sitati, don Allah..."

"Na fi son ya kore ni ina mai wanki."

* * *

Da gangan ya zo da kayan aikinsa, tsohuwar riga mai tabon bula, a kan babur mai ƙafa uku da yake kai wanki gidajen ma'aikata. Bayan babur ɗin cike yake da ƙunshin kayan da ya goge. Motar Mai Tayal tana bakin titi, don layin ya yi mata ƙunci. Shi kuwa ya shige har ƙofar gida.

Bai kashe inji ba ya ji ihun Gwaggo.

Baba yana kwance a tsakar falo, shayin da yake sha ya zube masa a ƙirji. Bakinsa ya karkace gefe guda. Yana son magana, harshe ya ƙi. Auta tana durƙushe tana ɗaga hannunsa na dama, tana saki yana faɗuwa. Maƙwabta sun cika ɗakin. Mai Tayal yana jingine da bango.

"Alhamdulillahi, ga likita!" Gwaggo ta yi kansa. Babu wanda ya lura da kayan jikinsa. "Ku ba shi wuri! Tun safe yake kukan ciwon kai, yanzu ya yanke jiki ya faɗi."

Wata maƙwabciya ta kutso da sirinji da 'yar kwalba. "Ga ragowar allurar da aka yi wa maigidana lokacin da ya faɗi. Yi masa, likita, yi sauri!"

Ta danƙa masa a hannu.

"Bismillah, likita," in ji Mai Tayal daga bango, a sanyaye. "Nuna mana aikin."

Sitati ya dubi kwalbar, bai ma iya karanta abin da ke jikinta ba. Ya dubi Auta. Ta girgiza kai, hawaye na zuba, shi kansa bai san me take roƙo ba, ya yi shiru ko ya yi magana. Ya dubi Baba. Idon dattijon a kansa yake, cike da yarda.

Ya ajiye sirinjin a kan tebur.

"Ni ba likita ba ne."

"Me ka ce?" in ji Gwaggo.

"Ban taɓa zama likita ba, Gwaggo. Wanki da guga nake yi a asibiti. Ni ne mai wankin da Baba ya kora. In na soka masa allurar nan, kashe shi zan yi."

Gwaggo ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Ɗakin ya ruɗe, wannan na zagi, wancan na tambaya. Mai Tayal ya ciro waya.

"Ku zage ni daga baya!" Sitati ya daka tsawa, muryar da shi kansa bai san yana da ita ba. "Yanzu ku kama mini ƙafafunsa. Malama, riƙe kansa. Kada wanda ya ba shi ruwa!"

Wannan kam ya sha jin ma'aikatan jinya suna faɗa.

Suka kwantar da Baba a bayan babur, a kan ƙunshin kaya masu ƙamshin sabulu. Auta ta haye ta rungume kansa. Sitati ya murɗa babur ɗin, ya wuce Mai Tayal a ƙofar gida yana faɗa wa waya, "E, Yallaɓai, sojan gona ne, a gaban shaidu."

* * *

Sun daɗe a kan benci kafin babban likita ya fito. Auta na tsakiya, Gwaggo ta juya wa Sitati baya.

"Shanyewar ɓarin jiki ce ta fara kama shi," in ji likitan. "Kun kawo shi da wuri, muna sa ran zai tashi. Amma jininsa ya hau fiye da kima. Yana shan maganinsa kuwa?"

"Ya daina shan 'yar farar," in ji Gwaggo. "Likita ne ya ce a bi jiki a hankali."

"Wane likita?"

Gwaggo ta nuna da haɓa, ba ta juyo ba.

Babban likita ya cire tabarau. Ya daɗe yana kallon Sitati.

"Kai?"

"Ranka ya daɗe, ban ce ya daina ba. Na ce..."

"Ka ce me? Mutum ya ɗauke ka likita, ya miƙo maka magani. Ko tari ka yi, umarni ne a wurinsa. Jirin da yake ji abu ne da zan gyara cikin ɗan lokaci, in canza masa wata ƙwayar. Kai ka zauna a kujerarsa ka hana shi zuwa wurina." Ya nuna rigar jikinsa. "Wannan da kake gogewa kullum, ka ɗauka yadi ce kawai? Saboda ita mutum yake miƙo maka ransa ba tare da ya tambayi sunanka ba. Kada in sake ganinka a ɗakin wanki sai maganar nan ta ƙare."

Bai rufe baki ba wani Sufeton 'yan sanda ya iso, Mai Tayal na biye da shi.

Auta ta zube a gaban Sufeto. "Yallaɓai, ni ce. Wallahi ni na sa shi. Ya ƙi, na yi ta kuka har ya yarda. Bai taɓa yi wa kowa allura ba, bai karɓi komai a hannun kowa ba. Duk wanda ya tare shi, asibiti yake tura shi. Ni za ka kama!"

"Tashi, Malama," in ji Sufeto. Mutum ne mai furfura, ba ya ɗaga murya. "Doka ba sai an soka allura take kamawa ba. Wanda ya bari aka ɗauke shi likita, har ya yi magana a kan maganin mara lafiya, ya shiga hannunta. Ku gode wa Allah dattijon yana numfashi. Da ya cika, da maganar kisa muke yi yanzu."

"Ki tashi, Malama," in ji Sitati. "Ke kika roƙa, amma bakina ne ya yi maganar."

Ya miƙa hannuwansa. Sufeto ya ciro ankwa, ya dubi tabon ƙunar da ke wuyan hannun, ya mayar da ankwar aljihu.

"Wuce mu je."

* * *

Kwanakin da Sitati ya yi a hannun 'yan sanda, Auta ta yi su ne a gefen gadon Baba. Ranar da harshensa ya fara sakuwa, ta durƙusa ta kama hannun da ke motsi, ta faɗa masa komai, tun daga rigar har zuwa kukan da ta yi a ɗakin wanki.

"Na ji tsoron rasa shi, Baba, sai na kusa rasa ka. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama. Amma shi ranar nan gaskiya ya zo faɗa maka, shi ya sa ya zo da kayan aikinsa."

Baba ya juya fuska bango.

Washegari da hantsi Sufeto ya zo ɗaukar bayanin Baba, ya taho da Sitati don a tabbatar shi ne. Sitati ya rame, rigarsa ta yamutse, abin da ba a taɓa gani a jikinsa ba. Mai Tayal ma ya zo da kwandon lemo.

"Baba, wannan ne?" in ji Sufeto.

"Shi ne." Maganar na fita a hankali, kalma bayan kalma. "Ya ce... in koma asibiti. Ni na katse shi. Rubuta wannan."

Sufeto ya rubuta.

"Amma ya zauna a kujerata... ya bar ni ina kiransa abin da ba shi ba. Rubuta wannan ma."

"Gaskiya ne, Baba," in ji Sitati, kansa a ƙasa.

"Ai ni tun ranar farko na gane shi," Mai Tayal ya cafe, yana gyara tsayuwa. "Washegari na zo asibitin nan na bincika, aka ce mini mai wanki ne. Na ce bari in bar shi ya kama kansa a gaban jama'a."

Baba ya juyo da ido a hankali.

"Tun washegari... ka sani?"

"Ƙwarai, Baba."

"Kana zuwa gidana... kana ganin na ajiye magani... kana jira?"

Makullin da ke hannun Mai Tayal ya daina ƙara.

"Ɗauki lemonka," in ji Baba. "Ka gaida mahaifinka."

Bayan fitarsa Sufeto ya rufe littafinsa. "Magana dai sai ta je gaban alƙali, Baba, ba ni da ikon kashe ta. Bayaninka zai taimake shi, da na babban likita, don ya ce da yaron ya yi allurar nan ko ya tsaya ɓoye-ɓoye, da ba a same ka ba. Ko tara ce, ko wani abu, alƙali ya sani. Kafin nan ana iya ba da belinsa, in akwai dattijo mai gida da zai tsaya masa."

"Ba ni da kowa a kusa, Yallaɓai," in ji Sitati. "Kawuna yana nesa."

"Kawo... takardar," in ji Baba.

"Yaya!" Gwaggo ta zabura. "Mutumin da ya kusa kai ka lahira?"

"Ke kika naɗa shi likita. Ni na ɗaure masa gindi. Ita kuma Auta ta rufe masa baki." Ya numfasa. "Duk ɗakin nan... shi kaɗai ya faɗi gaskiya tun ina ƙasa."

Gwaggo ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ni dai na ga abin sauraron ƙirji a wuyansa."

Hannun dama bai gama dawowa ba, da na hagu Baba ya sa hannu, rubutun ya karkace kamar hanyar gangara. Auta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Sitati ya durƙusa a gefen gadon. "Baba, ka yafe mini."

"Ban gama fushi ba." Baba ya nuna kujera da ido. Rigar da ya faɗi da ita tana rataye a kai, tabon shayi ya bushe a ƙirjinta. "An ce ka iya wanki."

"Shi kaɗai na iya, Baba."

"Zai fita?"

Sitati ya ɗauki rigar, ya ɗaga ta wajen haske, ya murza tabon da yatsa. Karon farko tun shigowarsa ya miƙe sosai.

"Zai fita."

"In alƙali ya gama da kai... ko yaushe ne... ka wanke ta. Ita zan sa ranar da kawunka zai zo."

Auta ta sauke mayafin daga fuskarta.

"A ninke zan kawo, Baba, ko a rataye?" in ji Sitati.

"A rataye. Ba na son layi." Gefen bakin Baba da ke motsi ya ɗaga kaɗan. "Amma ka sayi maratayi. Kada ka kuskura ka zuro ta a jikinka... Gwaggonka ta gani ta ce kai ne uban amarya."